Dandali da Wasannin Yara a Ƙasar Zazzau

In mutum ya fito daga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada da Sabon Gari, ya kama hanyar Funtuwa, zai wuce Samaru, ya isa Shika, can gaba kuma ya tarad da Giwa. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce, amma da wuya a sami wata 'yar hanya a ƙasar Hausa wadda zamani ya sake wa kama kamarta cikin shekara ɗari da 'yan kai. Labarin jirgin ƙasa, da na auduga, da na jami'a, duk an rubuta su. Abin da masu tarihi ba safai su kan waiwaya ba shi ne labarin yaran wannan wuri, watau inda su ke taruwa, da irin wasan da su ke yi, da abin da wasan nan ya ke mai da su in sun girma. Shi za mu bi a nan, gama akwai magana a cikinsa ga ko wane mai gida.

A zamanin da babu ƙauye ko unguwa da ba ta da dandali. Dandali fili ne kawai, yawanci a ƙofar gidan mai unguwa, ko kusa da kasuwa, ko a gindin wani babban durumi ko rimi, irin rimayen nan da aka san ƙasar Zazzau da su. Ba wanda ya mallake shi, ba kuwa wanda zai yi ƙarfin halin kafa shinge a cikinsa. Yana da lokacinsa. Da damina ba a cika zuwa ba, domin yaro ya yini a gona ya gaji, ga sauro, ga ciyawa ta rufe hanya. Amma da an yi kaka, dawa ta shiga rumbu, iskar hunturu ta fara busowa, in wata ya yi fari, ana idar da sallar lisha sai ka ji tafi ya tashi daga wannan gefe, ihun samari daga wancan, har dare ya raba.

Yaro ba a dandali ya ke fara wasa ba. Saboda kunyar da ke tsakanin iyaye da 'ya'yansu, musamman ɗan fari wanda uwa ba ta ko faɗin sunansa, al'ada ta buɗe wa yaro wata ƙofa, ita ce ta kakanni. Kaka ta kira jikanta mijinta, ta kira jikanyarta kishiyarta, ta tsokane su, su rama, ba mai cewa sun yi rashin kunya. A wurinta a kan kai yaro yaye, a wurinta ya ke jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da kacici-kacici, da maganganun karya harshe. Duk mai jin Hausa da kyau, in ka bincika, sai ka tarar bakinsa ya buɗe ne a ɗakin wata tsohuwa. Daga nan sai ya fita tsakar gida ya hau dokin kara, 'yar'uwarsa kuwa ta jera sakaina tana tuƙa tuwon ƙasa.

In ya kai kamar shekara 7, an yi masa kaciya, an sa shi makarantar allo, ya fara bin ubansa gona ko wurin sana'a, to, sa'an nan ne ya ke shiga wasannin maza sosai. Babbansu langa. Yadda a ke yinta, ko wane yaro ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, ya riƙa tsalle da ɗayar. A rabu gida biyu, ko wane gida ya zaɓi mutum ɗaya ya zama ruwa, sauran su zama dawaki. Aikin ruwa ya kai ga wurin da aka shata ya sha, aikin dawakinsa su tare masa hanya su ture abokan gaba, wanda duk ya faɗi ko ya saki ƙafarsa ya fita. Mai kallo daga nesa zai ce ture-ture ne kurum. Amma dubi abin da ke ciki. Tilas yara su zauna su auna junansu, su san wa ya fi sauri, wa ya fi ƙarfi, wa ya fi dabarar kaucewa, gama ba kullum mafi ƙarfi ne ya dace da zama ruwa ba. Tilas kuma doki ya yarda a kayar da shi don wani ya sha, alhali kuwa sunan wancan za a ambata in an ci. Yaron da ya shekara biyar yana doki ba sai an yi masa dogon wa'azi a kan taimakon juna ba ranar da aka kira gayya.

Dara kuwa ta masu natsuwa ce. A haƙa gurbi 30 a ƙasa, ko wane ya ɗauki 'ya'ya 12, wannan na tsinke, wancan na duwatsu, a yi ta neman jera uku don a ci na abokin wasa. Yara su kan koye ta ne a bayan manya, suna leƙe ba su da ikon sa baki, kuma lissafin da ke cikinta bai gaza na aji uku ba.

'Yammata nasu ya fi waƙa. A gaɗa su kan tsaya kamar rabin da'ira suna tafi, ɗaya ta fita ta taka rawa, ta juyo da baya ta saki jikinta gaba ɗaya, sauran su cafe ta su cilla sama. Ba mai sakin jiki haka sai ta amince da waɗanda ke bayanta, kuma yarinyar da ta taɓa janye hannu aka faɗi, ta daɗe ba ta sami mai cafe ta ba. Cikin waƙoƙin gaɗa ne su ke faɗin abin da ba su iya faɗa a gida, na auren dole, da kishiya, da uwar miji, uwayensu kuwa suna ji daga cikin gida. Akwai carafke, mai koya wa hannu da ido tafiya tare. Akwai kuma 'yar tsana, ta ƙashi ko ta kara, wadda a ke yi wa kitso da zare, a rataya mata duwatsun ado, a sa ranar bikinta, a gayyaci ƙawaye, a kai gara a 'yan faya-fayai. Ba abin da za a yi a bikin gaske wanda ba su gwada shi ba, har da faɗan dangin ango da na amarya.

Muna da shaida mai ƙarfi a kan wannan zamani daga bakin wadda ta gan shi. Baba, mutuniyar Karo, an haife ta wajen 1877, ta ƙare zamanta a Giwa, ta rasu a 1951. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, matar M. G. Smith wanda ya rubuta tarihin sarautar Zazzau, ta zauna da ita ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi da Turanci a 1954. A ciki Baba ta ba da labarin ƙuruciyarta, da wasanni da waƙoƙin 'yammata, da yadda a ke ƙulla ƙawance wanda zai kai har tsufa. Ta kuma ba da labarin tsoron mahara masu kama mutane su sayar. Wannan ya kamata a riƙe shi, domin kada a zaci zamanin da duk daɗi ne. Dandali ba ya cika sai gari yana kwance.

Abin da ya fi ba ni mamaki cikin tsarin mutanen da shi ne sarautar samari. Yaran gari su kan naɗa Sarkin Samari, da Galadimansa, da Madaki, da Alƙali, 'yammata kuma da tasu shugabar. Sarautar wasa ce, amma tana da haƙori. Wanda ya yi zagi a dandali a kai shi gaban alƙalinsu a ci shi tarar goro, wanda ya ƙi fita gayya a ƙaurace masa, in baƙin samari sun zo daga wani gari su ne masu saukar da su. Bayan kaka su kan shirya kalankuwa, su gayyato makaɗa da samarin ƙauyukan kewaye. Da Turawa suka zo, sai samari suka ƙara da sarautun zamani, ka ga wani ya zama Gwamna, wani Razdan, wani Di'o, ga likita, ga ɗan doka, ko wane ya sa irin tufafin mai muƙamin yana kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa, jama'a na dariya. A Bomo, ƙauyen da ke maƙwabtaka da Samaru, kalankuwa ta yi ƙarfi har malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suka riƙa zuwa suna nazarinta a shekarun 1970 da 1980. Yaro ɗan talaka wanda ba zai taɓa shiga majalisar Sarki ba, a nan ya ke koyon yadda a ke sauraron ƙara, da yadda a ke raba faɗa, da yadda a ke tsayawa gaban taro a yi magana ba tare da murya ta yi rawa ba.

Tashe shi ma makaranta ne, sai dai na wata ɗaya. Daga 10 ga azumi yara su kan bi gida gida bayan shan ruwa. Wani ya manna gemun auduga, ya sa tsumma, ya dogara sanda ya zama tsoho. Wani ya ɗauko saiwoyi da sassaƙe ya zama Jatau mai magani, yana lissafa itatuwa da amfaninsu. 'Yammata su shirya ɗaya ta zama Mairama, ɗaya ta sa riga da hula ta zama Daudu, su nuna zaman miji da mata. Abin da aka ba su na hatsi ko kuɗi su tara, su raba ko su yi dafe-dafe da shi, kuma wannan rabo kansa darasi ne, don a nan a ke gane mai amana. Da wasa a kan gaya wa wawa magana, in ji Hausawa. Sau da yawa mai gidan da ba mai iya tunkararsa ya kan ga halinsa a jikin yaran tashe a ƙofar gidansa, ya yi dariya, ya ba da sadaka, ya shiga gida yana tunani.

To, ina matsayin malamai? Gaskiya ne malaman jihadi da waɗanda suka biyo bayansu sun yi suka mai zafi ga cakuɗuwar maza da mata a wurin kiɗa, da al'adar tsarance, kuma suna da hujja, gama dandali ya kan haifi abin kunya, ya kan kuma haifi faɗan unguwa da unguwa har a fasa kai. Amma wasan ƙananan yara ba shi suka hana ba. Ya zo a hadisi cewa Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ta ba, kuma jikansa ya hau bayansa yana cikin sujada, ya tsawaita sujadar har yaron ya sauka don kansa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani cikin Ihya'u cewa a bar yaro ya yi wasa mai kyau in ya taso daga makaranta, domin tsare shi ga karatu kullum ba hutu yana dushe basirarsa, ya sa ya ƙi karatun, ya shiga neman hanyar gudu. Makarantun allo namu ma ba su karatu ran Alhamis da Jumma'a, ranakun nan kuwa na wanki ne da wasa.

Canji ya fara ne da ƙarfen jirgi. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya, Sabon Gari ya tashi a gefen tasha, ya cika da Yarbawa da Ibo da Nufawa da sauran ma'aikatan reluwe da na kamfanoni. A 1922 aka kafa gonar gwaji ta aikin gona a Samaru, a 1928 aka kafa ta dabbobi a Shika, hanyar jirgin da ta bi ta nan kuma ta kai Ƙaurar Namoda a 1929. Iyayen da suka taru a waɗannan wurare ba su jin harshen juna, addininsu ma ba ɗaya ba, amma 'ya'yansu fili ɗaya su ke da shi. A wurin ƙwallon tsumma ne 'ya'yan baƙi da yawa suka koyi Hausa har ba ka bambanta su da 'yan gari. Kayan wasa su ma suka bi zamani. Yaron da kakansa ya hau dokin kara, shi sai ya fere karan nan ya ƙera mota da jirgi, ya nemi gwangwanin madara ya yi taya, ya sami tsohon ƙarfen ƙafar keke ya yi ta gara shi a titi.

Makarantar boko ta zo da nata wasanni, ta kuma ba su daraja. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta koma Kaduna a 1938, ta dawo Zariya a 1949, wadda a yau a ke kira Barewa, ba ta ɗauki wasa abin banza ba. A can ne Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya ƙware a wasan nan da a ke buga 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, bai kuwa bar shi ba har ya zama Firimiya. Ƙwallon ƙafa, da guje-guje, da Sikawut, duk ta ƙofar makaranta suka shiga ƙauyuka. An ƙaru da su ƙwarai, ba mai musu. Amma akwai wani bambanci da ba a cika lura da shi ba. A filin makaranta doka a rubuce ta ke, malami ne ke riƙe da usur, ƙararrawa ce ke fara wasa ta kuma tsai da shi, yara kuwa an raba su aji aji, tsara da tsara. A dandali ba babba ko ɗaya. Yara ne ke kafa doka, su yi gardama a kanta, su sake ta in ba ta yi ba, su hukunta mai zamba, kuma ɗan shekara 6 yana gefen ɗan shekara 12 yana kwaikwayonsa. A ganina rabin amfanin wasa yana cikin gardamar nan da manya ke jin haushinta.

Su Turawan ma ba da daɗewa suka gane haka ba. Wani malami Bajamushe, Froebel, shi ya buɗe makarantar ƙananan yara inda wasa ne karatun, ya sa mata suna lambun yara a 1840, mutanen zamaninsa da yawa suna ganin wauta ce. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ambaci wasa cikin haƙƙoƙin yara a 1959, ta ƙarfafa shi cikin yarjejeniyar 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, har a 2024 ta keɓe ranar 11 ga Yuni ta zama ranar wasa ta duniya. Amma abin da ya fi takardun nan nauyi shi ne wani gwaji da likitoci suka fara a Kingston ta ƙasar Jamaika a 1986. Sun ɗauki yara 129 'yan ƙasa da shekara 2 waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su. Waɗansu daga cikinsu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya ko wane mako har shekara 2, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, da kayan wasa na gida waɗanda ba a saya ba. Bayan shekara 20 aka nemo su, aka tarar waɗanda aka yi wa wasan nan abin da su ke samu a sana'a ya fi na sauran da kamar kashi 25 cikin 100. Abin da ma'aikaciyar nan ta ke koya wa uwaye bai wuce abin da kaka ke yi da jikanta a tsakar gida ba.

Wannan magana ta fi shafar wanda ya koyi karatu da gemunsa. Mutumin da ya zauna a ajin yaƙi da jahilci bayan ya tara iyali ya san zafin rashin karatu fiye da kowa, saboda haka ya kan ɗaura niyyar ɗansa ba zai sha irin wannan wuya ba. Niyya ce mai kyau. Sai dai ta kan kai shi ga ganin ko wane wasa shiririta ne. Yaro ya tashi da asuba ya tafi allo, ya wuce boko, ya dawo ya tafi Islamiyya, da dare a tsare shi da aikin gida, in an gan shi da ƙwallo a ɗauko bulala. 'Yar'uwarsa kuwa lokacin da ya rage mata talla ta cinye shi. Irin wannan yaro ya kan iya haddace abin da aka ba shi, amma ka sa shi cikin tsaransa ka ga yadda zai rasa ta cewa, ko kuwa ya zama mai fushi da an taɓa shi, domin bai taɓa faɗuwa a langa an yi masa dariya ya tashi ya koma ba.

Dandalin kansa kuma ya yi ta ƙanƙancewa. An buɗe jami'a a Samaru a 1962, a shekarar nan kuma aka fara talabijin a Kaduna. A 1976 aka soma ilmin firamare kyauta ga kowa, a shekarar ce kuma aka rushe tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi. Wayar hannu ta shigo a 2001. Asibitin koyarwa na jami'a ya koma mazauninsa na Shika a 2005, ƙasa ta yi tsada, gonaki da filaye aka yanka su fuloti fuloti, kuma filin da ba shi da mai shi shi ne farkon tafiya, tun da ba mai takardar da zai tsaya masa. A wajen 2020 zuwa 2022 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan ƙaramar hukumar Giwa, tsoron da Baba ta ba da labari ya dawo da wata kama, uwaye suka riƙa kulle yara tun magariba. A Kano ma 'yan sanda sun hana tashe fiye da sau ɗaya a shekarun bayan 2020, saboda 'yan daba da ke fakewa da shi. Yaron da aka kulle a ɗaki sai a miƙa masa waya don ya yi shiru, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa 1 a yini, motsa jikinsa kuwa ya kai awa 3.

Waɗansu wasannin sun sami mafaka. Umaru Dembo ya rubuta littafi mai suna Wasannin Yara, aka buga shi a nan Zariya, ɗaliban Hausa a jami'o'i kuma sun tattara da yawa a rubuce. Langa ta shiga gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa, da alƙalin wasa da usur da lambar yabo, ko da ya ke samari ƙarfafa ne ke yinta a can, ba yaran unguwa ba. Gaɗa ta koma yawanci bikin makaranta, ranar da a ke nuna al'adun gargajiya ga manyan baƙi. A ƙauyukan da ke bayan Shika da Samaru kuwa, inda har yanzu a ke noma dawa, da an yi girbi aka zube kara, za ka ga yara sun tsuguna a gindinsa da 'yar wuƙa ko reza suna fere-fere. Mota su ke ƙerawa har yanzu, amma an ƙara da babur, da Keke Napep, da wayar hannu ta laka wadda a ke kanga wa kunne ana ciniki da wani mutumin Legas.